Muryar Baba a Gindin Darbejiya

Babana bai iya raɗa ba. Tun yana da ƙarfinsa haka Allah ya yi shi, in ya ce "ina kwana" a ƙofar gida sai an amsa masa daga bakin rijiya. Da tsufa ya zo kunnensa ya yi nauyi, sai abin ya ƙaru, don shi a ganinsa duk duniya ce ta rage murya, shi kaɗai ya saura yana magana irin ta mutane. A gona wannan ba abin damuwa ba ne. A wurin furta zunubi ne ya zame mana masifa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kankara da Faskari. Mu 'yan Katolika gidaje ne kaɗan a cikin maƙwabta Musulmi, kakanninmu ɗaya da su, gonakinmu kuma a jere suke. Cocinmu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano. Ba mu da Fada, wato limamin coci, namu na kanmu, daga gari yake zuwa a kan babur in hanya ta yi lafiya, in ba ta yi ba mu yi addu'a da malam katikis, mai koya mana addini, mu watse. Ranar da Fada ya zo, kafin a fara Misa, babbar ibadarmu, yakan kai kujerar roba bayan coci gindin darbejiya, a shimfiɗa buhu a gefensa. Mai son furta zunubinsa sai ya je ya durƙusa a kan buhun, ya faɗa wa Fada abin da ya yi a hankali, a ba shi gafara da sunan Allah, sannan ya karɓi Jibi, wato jikin Almasihu da ake ba mu a Misa. Abin da aka faɗa a kan buhun nan Fada ba zai faɗa wa kowa ba ko da za a yanka shi. Wannan kowa ya sani tun yana yaro.

Abin da ba a taɓa koya mana ba shi ne inda ya kamata benci ya tsaya.

Asali bencin masu jira a jikin bangon coci yake, can nesa. To amma rana tana dukan bangon nan, inuwa kuwa tana gindin darbejiya. Sai wani ya ce rana ta yi yawa, a ɗan ja benci. Wata shekarar a ƙara ja. Haka aka yi ta ja, har tsakanin benci da buhu bai fi a shanya zane ɗaya ba. Kuma mutum biyu ne rana ta fi damu a duk cocin. Akwai shugabar mata, wata doguwa mai daddawa, wadda in tana addu'a takan lumshe ido ɗaya ta bar ɗayan yana gadi. Akwai kuma tsohon hedimasta, wanda ya yi ritaya ya dawo ƙauye da biro biyu a aljihu da tabarau a goshi. Su ne kullum a bakin benci, ɓangaren bishiya. Kuma ba su taɓa yin gaggawa ba. In layi ya zo kan shugabar mata sai ta ce, "Je ki, 'yar'uwa, ni ba ni sauri." Hedimasta ma ya ce, "Shiga gabana, na baya su ne na gaba a wurin Allah." Mutane har yabon tawali'unsu suke yi. Su ne na farkon zuwa, su ne na ƙarshen durƙusawa, kuma in sun durƙusa ba sa daɗewa, ga alama zunubin wasu ya cika musu ciki har ba su da wurin ajiye nasu.

Wata shekara a cikin azuminmu na kafin Ista, idin tashin Almasihu, ana zafin bazara, Baba ya je ya durƙusa a kan buhun nan da wani abu mai nauyi da ya daɗe yana ɗauke da shi. Shi a zatonsa raɗa yake yi. Fadan wancan lokacin ya yi ta yi masa alama da hannu ya rage murya, Baba kuwa kansa a sunkuye, bai gani ba. Na kan benci ba wanda ya tashi. Ba wanda ya yi ko tari.

Ni lokacin ina aure a Sabuwa. Amma maganar ta riga Baba zuwa gidana. A bakin wata mai sayar da kuka na ji ta, kafin ma ta tambaye ni lafiyar yara. Mai karatu ya sauke kunnensa, ba zan rubuta abin da ta ce ba.

Baba shi ne na ƙarshen sani. Yana da wani amini tun na ƙuruciya, Alhaji mai hatsi a kasuwar Kankara, wanda suka yi kiwo tare. Ranar kasuwa ya ja Baba bayan rumfa, ya sa baki a kunnensa ya ce, "Mutumina, wata magana na ji wajen masu taki, da sunanka a ciki. Na ce ma mai hwaɗinta shi ji tsoron Allah. To amma ashe ku a bainar jama'a kuke hwaɗa ma malaminku?" Baba ya juya ya bar kasuwar. Ya dawo gida bai sayi abin da ya je saye ba.

Tun daga ranar bai ƙara durƙusawa a kan buhun nan ba, kuma tunda bai furta ba, bai ƙara karɓar Jibi ba. Coci kam bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yakan zauna a bencin ƙarshe, hularsa a gwiwa, in mutane sun yi layin karɓar Jibi sai ya zuba wa hular ido kamar yau ya fara ganinta. Shugabar mata takan wuce ta gabansa, hannuwa a haɗe a ƙirji, tana tafiya a hankali don kada tsarki ya zube. Shekaru aka yi a haka.

Da mijina ya rasu na dawo gida da keken ɗinkina. Na tarar Baba ya rame, ƙafafunsa kuma sun kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Wata rana ina ɗinki a zaure, yana zaune a tabarma yana jan carbinsa, sai ya ce, da ƙarfin da ya sa kaji suka watse, "Uwata, ni mutuwa ba ta ba ni tsoro. Abu guda nike tsoro, in tahi ban karɓa ba."

Na matso kusa da kunnensa na ce, "To ka je mana, Baba."

Ya ce, "In je in hwaɗa ma Fada, ko in hwaɗa ma kasuwa?"

Na koma kan keke na yi ta taka shi ba tare da na sa ƙyalle ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma gaskiya har yau bai gama hucewa ba.

A shekarar aka kawo mana sabon Fada, wani gajere mai yawan dariya. Da ya zauna da mu kaɗan sai ya ce ya lura da wani abu. Ya ce yawancinmu an koya mana addini muna yara, jiki ya girma, amma har yau rigar yarintar ce muke fama mu cusa kanmu a ciki. Ni da nake tela maganar ta shige ni. Ya ce zai buɗe ajin manya, duk Lahadin da ya samu zuwa, bayan Misa, mu zauna mu koyi abin da muke yi da dalilin yinsa.

Kafin ya rufe baki su wa za a gani a bencin gaba? Hedimasta ya sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci. Shugabar mata ta shiga sauya ɗaurin ɗankwali duk mako, ni nake ɗinke mata bakin ɗankwalayen, don haka na sani. Kuma sun iya tambaya, wannan ba zan hana su ba. Da aka zo kan barin cin nama ranar Juma'a a cikin azumi, hedimasta ya miƙe ya gyara murya ya ce yana so a fayyace masa matsayin fara, nama ce ko ba nama ba ce. Aka ɓata rabin yini a kan fara. Shugabar mata ta tambayi hukuncin dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza, alhali kowa ya san so take a ce a koma daddawa. Da aka zo kan kame baki kafin karɓar Jibi, sai ga tambayar wanda goro ya maƙale masa a haƙori tun jiya ya haɗiye shi a ƙofar coci. Fada yana dariya yana amsawa, mutum ne mai haƙuri. A ƙauyen da sai a yi wata ba a ga tsoka a miya ba, mun zama malaman naman Juma'a. Naman ɗan'uwa da ake ci kullum safe da yamma kuwa, ba wanda ya ɗaga hannu a kansa.

Ni a baya nake zama, ina sauraro. Kuma duk da haushin da nake ji, na ƙaru a ajin nan. Na girma ina ɗauka furta zunubi wani irin kotu ne, ka je a yi maka faɗa a sallame ka. A nan na fara jin cewa Fada ba don kansa yake zaune a kujerar nan ba, kunnensa kawai ya ara wa Almasihu, shi ya sa abin da ya shiga kunnen ba nasa ba ne balle ya ba wani. Da na ji haka sai hannuna ya tashi da kansa.

Na ce, "Fada, ina da tambaya. Kai ka ari kunne an ba ka izini. To wanda yake zaune kusa, ya ji abin da ba shi aka hwaɗa ma ba, shi mi ne ne hukuncinshi?"

Fada bai san tarihinmu ba, don haka ya amsa da sakin fuska kamar tambayar fara. Ya ce tambaya ce mai kyau. Ya ce duk wanda ya ji abin da ake furtawa, ko da gangan ko bisa kuskure, ɗaurin da ke bakin Fada ya hau bakinsa. Ba zai faɗa wa matarsa ba, ba zai faɗa wa amininsa ba, ba zai yi habaici da shi ba, har kabari. Ya ce wanda kuwa ya kasa kunne da gangan, ko ya yaɗa, ya ɗauki zunubi mai nauyi, domin ya tsaya tsakanin mai tuba da gafarar Allah.

Na so a ce ina da madubi in raba wa na bencin gaba. Shugabar mata ta shiga gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na zaci za su yi shiru da kunya. Ina! Mutumin da ya tsaya wa fara ba zai bar kansa babu lauya ba.

Hedimasta ya ce, "Fada, to in iska ce ta kawo maganar fa?"

Fada ya ce, "Sai ka tashi daga inda iskar take kaiwa."

Shugabar mata ta ce, "To in mai maganar ne muryarshi ta yi yawa? Ai kunne ba shi da marfi."

Fada ya ce, "Baki yana da shi, Mama."

Wani daga tsakiya ya ce shi a bakin wani ya ji, ba a gindin bishiya ba, shi ma ya shiga? Wata ta ce abin da ya riga ya wuce tun kafin a san dokar fa? A nan Fada ya daina dariya. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya gane ba tambayar aji ake yi masa ba. Ya ce, "Wane abu ne ya wuce?" Duk masu bakin nan, a ranar kowa ƙasa yake kallo.

Bayan an tashi na same shi yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Ban faɗa masa abin da aka ji ba. Na dai ce masa tsohon nan na bencin ƙarshe ubana ne, muryarsa ba ta raguwa, benci kuma kusa yake, kuma ƙafafunsa suna kumbura. Fada ya kwance jakar ya ce in kai shi gida.

Ya zauna a tabarma kusa da Baba, ya ɗaga murya ya ce zai iya sauraronsa nan cikin ɗaki, a kori kowa. Baba ya ce gidan da ke cike da surukai, ga katanga duk ta zaizaye? Fada ya ce to su tafi gona su biyu. Baba ya ce gonar kusa ta hedimasta ce ke maƙwabtaka da ita, ta nesa kuwa yanzu ba mai zuwa can sai mai neman a sace shi. Sannan ya gyara zama, ya ce, "Kuma ni ba ɓarawo ba ne da za a kai ni lungu. Inda kowa ke durƙusawa nan zan durƙusa. Ba ni na yi abin kunya a gindin iccen nan ba."

Fada ya ce to za a mayar da benci jikin bango. Baba ya yi wata 'yar dariya, ya ce muryarsa tana kai wa rijiya, bango ne zai gagare ta? Ya murza carbinsa. Can ya ce, "Su yi waƙa."

Fada ya ce, "Waƙa?"

Baba ya ce, "Kunnena ne ya mutu, idona na nan. A jera su inda zan gan su, su yi ta waƙa har in gama. Wanda na ga bakinshi a ruhe, na san abin da shike yi."

Fada ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce haka za a yi.

Ranar Asabar ce, ana saura mako guda Ista, da hantsi. Fada ya sanar cewa daga yau duk lokacin da ake furta zunubi, masu jira za su tsaya a jikin bango suna waƙa, babu mai zama a inuwa. Bai ambaci sunan kowa ba, kuma ba a buƙaci ya ambata ba. Aka fito da tulun kiɗa da caki. Hedimasta ya so ya kawo hujja a kan lafiyar tsofaffi da zafin rana, Fada ya ce ya sa hula. Shugabar mata aka ba tulu, tunda ita ce mai ba da waƙa. Ta karɓa fuska a murtuke. Yau ba wanda ya ce da wani "shiga gabana".

Na riƙo Baba muka zagayo bayan coci. Ya sa farar rigarsa ta zuwa biki. Ya tsaya ya ƙare wa 'yan bango kallo, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja buhun da ƙafa ya juya shi yadda zai fuskance su. Da ƙyar ya durƙusa, sai da Fada ya tallafe shi. Na koma cikin masu waƙa, na zaɓi wuri daidai kafaɗar shugabar mata, don ni ma ina da ido.

Aka fara. Rana tana dukan ƙeya, gumi yana bin baya, mutanen da suka yi shekaru suna shan inuwar zunubin wasu yau ga su a tsaye suna buɗe baki iya ƙarfinsu. Wallahi na ji daɗin ganinsu, ba zan ɓoye ba. Ana jin amon muryar Baba daga can kamar injin niƙa a wata unguwa, amma ba a rarrabe kalma. Idonsa kuwa yana kanmu. In wani ya tsaya haɗiyar yawu sai ka ga ya yi sauri ya koma.

To amma abin shekaru ne, ba ya ƙarewa a waƙa ɗaya. Aka gama ta farko aka shiga ta biyu, aka yi ta uku. Aka yi na azumi suka ƙare, aka shiga na Kirsimeti a tsakiyar bazara. Muryoyi suka fara dushewa. Da na sake duban Baba sai na ga ya daina kallonmu. Ya rufe ido, kansa ya sunkuya, hannunsa ɗaya a kan gwiwar Fada. Mutumin da ya ce zai yi gadin bakin kowa ya manta da mu gaba ɗaya. Hawaye suka zo mini, na ci gaba da waƙa a haka.

Sai wata waƙa ta ƙare, kuma ba a shirya ta gaba ba. Shugabar mata ta ɗaga hannu daga bakin tulu tana tunani. Caki ya tsaya. A cikin wannan ɗan shirun muryar Baba ta ƙetaro fili, tas, magana guda cikakkiya daga farkonta har ƙarshenta. Kowa ya ji. Ni ma na ji.

Na ga wuyan hedimasta ya fara miƙewa, tsohuwar ɗabi'a, sai kuma ya mayar da shi cikin riga. Na juyo kan shugabar mata, na riga na shirya abin da zan yi mata in na ga idon nan nata mai gadi ya yi ƙyalli. Sai ta daki tulu da ƙarfin da na zaci zai fashe, ta ɗauko wata waƙa daga tsakiyarta, ta ɗauke ta can sama inda ba mai iya kaiwa, da wata murya kamar ana jan ƙofar kwano. Ban taɓa jin waƙa mara daɗi irin wannan ba. Kowa ya bi ta. Hedimasta, wanda ban taɓa jin ya yi waƙa ba sai dai ya motsa leɓe, har da rufe ido yana ihu. Ba a ƙara barin ko numfashi tsakanin waƙa da waƙa ba sai da muka ga Fada ya ɗaga hannu ya yi alamar gicciye a kan Baba.

Washegari a Misa, da aka tashi layin Jibi, Baba ya ajiye hularsa a benci ya miƙe. Daga bencin ƙarshe zuwa gaba ba nisa, amma ya daɗe yana tafiya, kuma ba wanda ya wuce shi. Da Fada ya ɗaga Jibi a gabansa, Baba ya ce "Amin", na tabbata an ji ta a bakin rijiya.

A hanyar gida yana dafe da kafaɗata, sai ya tsaya ya ce, "Uwata, jiya an ji?"

Na rasa yadda zan yi. Ƙarya ba na so in yi masa ranar da ya karɓi Jibi, gaskiyar kuma ba tawa ba ce balle in ba shi. Na sa baki a kunnensa na ce, "Waƙa muka yi, Baba, har muryata ta dushe."

Ya ce, "Haka na gani." Muka ci gaba da tafiya.

Ranar kasuwar Kankara ta zagayo, ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya yi sallama sai na karanci fuskarsa. Da la'asar Alhaji mai hatsi ya biyo ya duba Baba, na laɓe ina kallon ko zai ja shi gefe. Hirar taki suka yi da ta ruwan da ya ƙi sauka. Wata kasuwar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Daga Sabuwa ma ba abin da ya dawo.

Kada a ɗauka cewa nake sun zama waliyyai. Bayan Ista shugabar mata ta kawo mini ɗinki, ta zauna ta ƙi tafiya, tana ta mutsu-mutsu kamar mai ƙaiƙayi. Can ta rage murya ta ce, "Ke dai kin ga yadda muka riƙe bakinmu kan maganar nan."

Na ce, "Wace magana, Mama?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Hannun rigar nike so ki ɗan sassauta." Na ce to. Ko shirun ma so take a yi hirarsa.

Baba bai ga kaka ba. Ya rasu gero yana fitar da kai, bayan Fada ya zo ya shafa masa mai mai tsarki ya ba shi Jibi na ƙarshe a kan tabarmarsa. A wurin zaman makoki wani ƙanen mijina da ya zo daga Sabuwa, mai son jin ƙwaƙwaf, ya zauna kusa da hedimasta ya ce ya ji an ce tsohon ya taɓa yin wata magana a bayan coci. Ina raba ruwa, na tsaya cak da moɗa a hannu. Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Mu waƙa muka yi." Ya juya ya ci gaba da jan carbi.

Har yau ba na shiri da shugabar mata. Daddawarta gishiri ya yi mata yawa, ɗankwalinta ya fi ƙarfin kanta, kuma har gobe in tana addu'a ido ɗaya a buɗe yake. A ajin manya an koma muhawara a kan ko ƙwai nama ne. Amma benci yana jikin bango, kuma duk ranar da Fada ya kai kujera gindin darbejiya, ni da ita muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a rana muna waƙa mara daɗi. Maganar nan guda da ta ƙetaro fili tana nan a kaina, ban manta ko harafi ba, na san ita ma tana kanta. 'Ya'yana sun tambaye ni, ban faɗa musu ba. Na rubuta duk wannan, ita kaɗai na bari, kuma da ita za a binne ni.